Kundin atisayen darasin manufofin kuɗi: yadda aikin yake tafiya

20 ga Janairu, 2025

Abin da muka sa a gaba shi ne haɗa kundin atisaye domin ɗaliban aji uku da aji huɗu na sashen tattalin arziki, masu ɗaukar darasin nazarin kuɗi da ayyukan babban banki. Yawancin littattafan da ake karantarwa da su misalan Amurka da Ingila suke kawowa. Ɗalibi zai haddace ƙa'idojin littafi irin su MV = PY, ya zana jadawalin IS-LM tsaf, amma idan aka miƙa masa sanarwar bayan taron kwamitin manufofin kuɗi na Babban Bankin Najeriya (CBN) sai ya rasa ta inda zai kama. Kundin zai ƙunshi falle ɗaya na Excel da atisaye takwas da aka gina a kansa.

Fallen na wata-wata ne, daga Janairun 2007 zuwa Disambar 2024, layi 216 ke nan. Mun fara daga 2007 saboda a Disambar 2006 ne CBN ya ajiye tsohon ma'auninsa na kuɗin ruwa, MRR, wanda yake kan kashi 14, ya kawo MPR, wato babban ma'aunin kuɗin ruwa da kwamitin manufofin kuɗi ke sanarwa, a kan kashi 10, sannan a 2007 aka yi sabuwar dokar bankin wadda ta kafa kwamiti mai mutum 12. Duk wanda ya jona MRR da MPR a ginshiƙi ɗaya ya haɗa abu biyu da aikinsu ba ɗaya ba ne.

Ginshiƙan da za a cike: MPR, ruwan da CBN ke karɓa idan ya ranta wa banki na kwana ɗaya, ruwan da yake biya idan banki ya kwanar da kuɗi a wurinsa, CRR (kason ajiyar jama'a da banki ke damƙa wa CBN), ruwan rance tsakanin bankuna, ruwan takardar baitulmali ta kwana 91, ruwan rance na manyan abokan hulɗa da mafi tsadar ruwan rance, ruwan asusun ajiya, M1 da M2 da M3 (ma'aunan yawan kuɗin da ke cikin ƙasa), tsabar kuɗin da ke wajen bankuna, ma'aunin farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da farashin dala na hukuma da na kasuwar bayan fage.

3 ga Fabrairu, 2025

An gama ginshiƙin MPR daga sanarwar kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Daga Satumbar 2020 zuwa Afrilun 2022 yana kan 11.5. A Mayun 2022 aka fara ɗagawa: 13, 14, 15.5, 16.5, 17.5, 18, 18.5, har 18.75 a Yulin 2023. Daga nan kwamitin bai sake zama ba sai Fabrairun 2024, bayan Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar bankin, aka ci gaba: 22.75, 24.75, 26.25, 26.75, 27.25, sai 27.5 a Nuwamba. Ƙari 14 ke nan, maki 16 gaba ɗaya.

Matsalar farko ƙarama ce a ido, amma tana ɓata lissafi. Kwamitin ya fi zama a ƙarshen wata. Ƙarin maki 4 na Fabrairun 2024 an sanar da shi ne ranar 27 ga wata. Idan aka rubuta 22.75 a layin Fabrairu, sai ya zama kamar duk watan an yi shi a kan wannan lamba, alhali kwana 26 an yi su a kan 18.75, kwana 3 kawai a kan sabuwar. Matsakaicin watan shi ne (26 × 18.75 + 3 × 22.75) ÷ 29, wato 19.16. Ɗalibin da ya kwatanta 22.75 da matsakaicin ruwan rancen Fabrairu zai ce bankuna ba su motsa ba, ga shi kuwa ba su sami lokacin motsawa ba tukuna. Mun buɗe ginshiƙi biyu, na ƙarshen wata da na matsakaicin kwanaki, kuma duk atisayen da ya shafi saurin martanin bankuna da na biyun za a yi shi.

Abu na biyu ya fi nauyi. MPR ba farashin da wani ke biya ba ne. Alama ce da ke tsakiyar iyakoki biyu, rufi da daɓe: rufin shi ne ruwan da CBN ke karɓa idan ya ranta wa banki, daɓen kuma ruwan da yake biya idan banki ya kwanar da kuɗi a wurinsa. A Satumbar 2020 rufin maki 1 ne sama da MPR, daɓen kuma maki 7 ƙasa, wato 12.5 da 4.5. Idan kuɗi ya yi wa bankuna yawa, daɓen ne yake jan ruwan kasuwa. Shi ma daɓen yana da rami, domin tun 2019 naira biliyan 2 kacal ake biya wa banki ruwa a kai a rana, sai a ƙarshen 2023 aka cire wannan iyaka. Ga kuma umarnin Oktobar 2019 da ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin gida da ba bankuna ba sayen takardun OMO, wato takardun da CBN ke sayarwa don janye kuɗi daga kasuwa, sai kuɗinsu ya kwarara zuwa takardun baitulmali. Sakamakon haka, a ƙarshen 2020 ruwan takardar kwana 91 ya faɗi ƙasa da kashi 1, MPR yana 11.5, hauhawar farashi kuma ta kai 15.75 a Disamba. Wannan shekara ita ce atisaye na ɗaya: a ba ɗalibi lambobin uku, ya bayyana ko manufar kuɗi a matse take ko a sake.

24 ga Fabrairu, 2025

Aikin wannan makon ya canza gaba ɗaya. Ranar 18 ga wata Hukumar Ƙididdiga ta fitar da alƙaluman Janairu bisa sabon ma'aunin farashi. Shekarar tushe ta tashi daga 2009 ta koma 2024, kayan da ake bibiyar farashinsu sun ƙaru daga 740 zuwa 934, nauyin abinci ya sauko daga sama da rabin kwando zuwa wajen kashi 40. Hauhawar farashin Disamba a tsohon ma'auni 34.80 ce, ta Janairu a sabon 24.48. Kwamitin ya zauna bayan haka da kwana biyu ya bar MPR a 27.5.

Farashin masara da shinkafa bai faɗi da maki 10 cikin wata ɗaya ba. Mudu aka canza. Wannan shi ne abin da muke so ya zauna a kan kowane ɗalibi kafin ya taɓa wata manhajar lissafi, kuma mun gina atisaye na biyu a kansa da dokar Fisher, wadda take fitar da ruwan zahiri, wato abin da ya rage na kuɗin ruwa bayan an cire hauhawar farashi. Hanyar da aka saba, a debe hauhawar farashi daga kuɗin ruwa: 27.5 − 34.80 = −7.3 a Disamba, 27.5 − 24.48 = 3.02 a Janairu. Ruwan zahiri ya tashi daga ƙasa da sifili ya haura sama ba tare da kwamiti ya ɗaga ko sisi ba.

A nan ma akwai gyara na biyu. Debewar nan ƙiyasi ce da take aiki idan lambobin ƙanana ne, kamar kashi 2 ko 3 na littattafan Turai. A lambobinmu sai an raba: 1.275 ÷ 1.348 − 1 = −5.4 cikin 100, sannan 1.275 ÷ 1.2448 − 1 = 2.4 cikin 100. Bambancin Disamba kusan maki 2 ne, kuma ba abin da za a kau da kai a kansa ba ne. Mun sa tambayar ta nemi hanyoyin biyu, sannan ɗalibi ya faɗi daga ina bambancin ya fito. Amsar ita ce ninkin ruwan zahiri da hauhawar farashi, wanda debewa take yarwa.

Game da fallen kuwa, shawarar da muka tsayar ita ce duk wani ƙiyasin alaƙa zai tsaya a Disambar 2024. Watannin 2025 za su shiga wani shafi dabam. Wanda yake son jona su don aikin kammala digiri, ya yi amfani da sauyin wata zuwa wata ya ɗora a kan tsohon ma'auni, kada ya jona lambobin shekara zuwa shekara, kuma ya sa alamar sifili-da-ɗaya a kan Janairun 2025 domin lissafi ya san an yi karaya a wurin.

17 ga Maris, 2025

Azumi ya kama ranar 1 ga Maris bana, bara kuwa ranar 11 ga Maris. Wannan matsawa ta kwana 10 zuwa 11 a kowace shekara tana da tasiri a kan atisayen cire tasirin yanayi. Hanyar cire tasirin yanayi ta X-13 da ke cikin manhajar lissafi ta gretl tana gane abin da yake dawowa a wata ɗaya kowace shekara: saukar farashin hatsi da kaka, tashinsa a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kashe kuɗin Disamba. Ba ta san Ramadan ba, ba ta san layya ba. Cikin shekara 18 na fallenmu azumi ya taso daga Satumba da Oktoba ya ratso damina har ya iso Maris da Afrilu, don haka tashin farashin sukari da gero da ƙwai da kayan miya yana yawo daga wata zuwa wata.

Mun ƙara ginshiƙi biyu da hannu: yawan kwanakin azumi da suka faɗo cikin kowane wata a raba da kwanakin watan, da alama a watan Babbar Sallah. Aiki ne mai cin lokaci, domin sai an bi ranar da aka sanar da ganin wata a Najeriya shekara bayan shekara, ba kalandar da aka buga tun farkon shekara ba.

7 ga Afrilu, 2025

CRR, wato kason ajiyar jama'a da doka ta tilasta wa banki ya damƙa wa CBN ba tare da ruwa ba. A ganinmu nan ne littattafan waje suka fi barin ɗalibinmu a duhu, saboda a Amurka an mayar da wannan kaso sifili tun Maris 2020, Ingila kuwa ba ta amfani da shi a matsayin makami. A nan gida ya tashi daga 27.5 a Janairun 2020 zuwa 32.5 a Satumbar 2022, 45 a Fabrairun 2024, sai 50 a Satumbar 2024 ga bankunan kasuwanci.

Atisaye na uku da naira 100 ake yin sa. Ƙa'idar CBN ita ce mafi ƙarancin ruwan asusun ajiya kashi 30 ne na MPR. Da MPR yana 18.75, mai ajiya yana da 5.625. CRR yana 32.5, saboda haka naira 67.5 ce ta rage a hannun banki, kuma ita ce za ta biya wancan ruwa: 5.625 ÷ 0.675 = 8.33 cikin 100. A Afrilun 2025 MPR 27.5 ne, ruwan ajiya 8.25, naira 50 ce ta rage: 8.25 ÷ 0.5 = 16.5 cikin 100. Ruwan mai ajiya ya ƙaru da ƙasa da maki 3, amma abin da kuɗin ya tsaya wa banki ya kusa ninkawa, tun ba a zo maganar albashi da man janareta da bashin da ba a biya ba.

Dole mu rubuta iyakar wannan misali a ƙasan tambayar. Ba duk ajiya ce ake biya wa ruwa ba: asusun kullum kusan kyauta banki ke samun sa, kuma mai asusun ajiya da ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ya rasa ruwan watan. Akwai kuma kashi 30 na kadarori masu saurin komawa tsaba da doka ta ce a riƙe, sai dai waɗannan galibi takardun gwamnati ne masu kawo riba, don haka ba a lissafa su kamar CRR.

Daga nan sai ma'aunin ninkin kuɗi. Ɗalibai sun saba da 1 ÷ r, inda r take nufin CRR, wanda zai ba da 2 idan CRR yana 50. Mun sa su yi da (1 + c) ÷ (c + r), inda c take nufin tsabar da ke hannun mutane a kan ajiyar banki. Idan aka ɗauki c a matsayin 0.1 don misali kawai, amsar 1.83 ce, a CRR na 32.5 kuma 2.59. Sannan su ciro c ta gaskiya daga fallen, su raba M2 da kuɗin tushe, wato tsabar da ke yawo haɗe da ajiyar bankuna a CBN, su ga ko lambobin sun haɗu. Ba za su haɗu ba, kuma dalili ɗaya shi ne shekaru da dama CBN yana zarar kuɗi daga asusun bankuna fiye da kason da aka sanar, musamman a matsayin hukunci ga waɗanda ba su cika kason rance na kashi 65 da aka gindaya a 2019 ba.

12 ga Mayu, 2025

Ginshiƙan yawan kuɗi sun cika, da wurare uku da muka yi wa jan fenti.

Na farko, canjin takardun naira. An sanar da shi ranar 26 ga Oktoba, 2022, a kan ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya. Tsabar da ke yawo ta faɗi daga sama da tiriliyan 3 zuwa ƙasa da tiriliyan 1 a Fabrairun 2023, kafin hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris ya dawo da tsofaffin takardun. M2 bai faɗi haka ba, domin kuɗin asusun banki suka koma. Duk wanda ya ga layin masu POS da yadda ciniki ya tsaya a kasuwannin ƙauye a wancan lokaci ya san bambancin kuɗi a asusu da kuɗi a hannu, kuma atisaye na huɗu yana neman ɗalibi ya nuna wannan bambanci da c ɗin da ya lissafa a baya.

Na biyu, Yunin 2023. M2 da M3 sun yi tsalle a wata ɗaya, ɗalibi kuma zai yi saurin cewa an buga kuɗi. Ranar 14 ga watan aka haɗe kasuwannin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 750. Ajiyar dala da ke bankunan gida da naira ake rubuta ta a cikin M2. Dala 1,000 da aka rubuta naira 460,000 jiya, yau ta zama sama da 750,000, ba a ƙara ko dala ɗaya ba. Haka ya sake faruwa a farkon 2024. Gyaran shi ne a ware ajiyar kuɗin waje, a ƙimanta ta da farashin canji ɗaya tsayayye, sannan a mayar.

Na uku, rancen da CBN ya riƙa ba gwamnatin tarayya kai tsaye. Sashe na 38 na dokar 2007 ya ƙayyade shi a kashi 5 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma ya taru har naira tiriliyan 22.7, wanda majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40 a Mayun 2023. Wannan shi ne ƙirƙirar kuɗi ta gaske. A daidai lokacin da hannu ɗaya ke ɗaga MPR, ɗaya hannun yana zuba kuɗi, kuma ba za a fahimci 2022 ba sai an ajiye ginshiƙan biyu gefe da gefe.

16 ga Yuni, 2025

Ƙa'idar Taylor ta 1993, wadda take ƙiyasta inda ya kamata babban banki ya ajiye kuɗin ruwa: kuɗin ruwa = hauhawar farashi + ruwan zahiri na daidaito + rabin tazarar hauhawar farashi daga abin da ake hari + rabin giɓin samarwa, wato tazarar da ke tsakanin abin da ƙasa ke samarwa da abin da za ta iya samarwa. John Taylor ya sa 2 a ruwan daidaito da 2 a hari don Amurka. Mun bar ruwan daidaito a 2, muka ɗauki 9 a matsayin hari, wato saman zangon kashi 6 zuwa 9 da CBN ya daɗe yana ambata, giɓin samarwa kuma sifili. Disambar 2024: 34.8 + 2 + 12.9 = 49.7. Janairun 2025: 24.48 + 2 + 7.74 = 34.22.

Ba muna koya wa ɗalibi cewa ya kamata MPR ya kai 49.7 ba ne. Tambayar da ke biye ita ce wane kaso na hauhawar nan kuɗin ruwa zai iya taɓawa. Cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, faɗuwar naira, da manoman da rashin tsaro ya hana zuwa gona duk daga ɓangaren samar da kaya suke. Sai a maimaita lissafin da ma'aunin da aka cire abinci da makamashi, a kwatanta.

Giɓin samarwa yana ba mu wahala. Alƙaluman GDP, wato jimillar abin da ƙasa ke samarwa, na wata uku-uku ne, don haka wannan atisaye shi kaɗai yana kan layi 72. Da matatar Hodrick-Prescott muke cire shi, lambar santsi 1,600. Kuskuren da ya fito a gwajin farko shi ne an tace alƙaluman ba a cire tasirin yanayi ba, sai giɓin ya riƙa nutsewa a kowane zangon farko na shekara yana tashi a na ƙarshe, abin da yake bin girbi ne kawai. Matatar kuma ba ta da tabbas a ƙarshen layi, don haka zango huɗu na ƙarshe ba a gina hukunci a kansu.

14 ga Yuli, 2025

Atisaye na shida shi ne VAR, hanyar lissafi da ke auna yadda ginshiƙai da dama ke shafar juna a tsawon lokaci, kuma da gangan muka tsara shi ya fara da kuskure. Daga Mayun 2022 zuwa Disambar 2024 MPR ya tashi daga 13 zuwa 27.5, hauhawar farashi ta tashi daga 17.71 zuwa 34.80. Wanda ya zuba waɗannan biyu kaɗai zai iya fitowa da cewa ɗaga kuɗin ruwa ne ke ƙara tsada. Tun 1992 Christopher Sims ya ci karo da irin wannan a alƙaluman ƙasashe masu arziki. Babban banki yana ɗagawa ne saboda ya hango tsada tana tafe, kuma idan abin da ya hango ba ya cikin lissafin, sai laifin ya faɗa kan ruwan. A mataki na biyu ɗalibi zai ƙara farashin dala na bayan fage, ya musanya MPR da ruwan takardar kwana 91, ya sa alama a Yunin 2023, sannan ya duba yadda zanen martani ya canza. Kafin duk wannan sai an yi gwajin ADF a kowane ginshiƙi, wanda ke duba ko lambobin suna komawa kan matsakaicinsu ko suna yawo kawai. Jinkiri kuma kada ya wuce wata 3 ko 4 idan abubuwan sun kai biyar, domin layi 216 ba su da yawan da za su ɗauki fiye da haka.

Atisaye na bakwai kwatance ne da Nijar. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, babban bankinsu BCEAO da ke Dakar ne ke yanke manufa ɗaya ga ƙasashe takwas, kuma a Disambar 2023 ruwansa 3.5 ne lokacin da na CBN yake 18.75. Ɗan kasuwar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina da kuɗin biyu yake ciniki kullum. Tambayar ita ce me kowace ƙasa ta saki daga cikin ukun da ba sa haɗuwa: tsayayyen canji, 'yancin shige da ficen jari, da ikon yanke kuɗin ruwa.

28 ga Yuli, 2025

An fitar da sabon GDP a makon jiya, shekarar tushe ta koma 2019 daga 2010. Atisayen Taylor zai ci gaba da tsohon jerin har Disambar 2024, an rubuta haka a saman shafin.

29 ga Satumba, 2025

Taron kwamitin na 22 da 23 ga wata ya ba mu atisaye na takwas a shirye. An rage MPR daga 27.5 zuwa 27, karo na farko tun 2020, bayan hauhawar farashin Agusta ta sauko 20.12. Kanun labarai rabin makin nan suka ɗauka. Amma an kuma sauya iyakokin, daga maki 5 sama da maki 1 ƙasa zuwa 2.5 kowane gefe. Rufi ya sauko daga 32.5 zuwa 29.5, daɓe daga 26.5 zuwa 24.5. Bankin da ke kwanar da kuɗi a CBN maki 2 ya rasa, ninki huɗu na abin da aka sanar. An rage CRR na bankunan kasuwanci zuwa 45, aka kuma ɗora kashi 75 a kan kuɗin hukumomin gwamnati da ba sa cikin asusun bai ɗaya na TSA. Sassauci uku da matsi ɗaya a sanarwa guda. Ɗalibi zai sake lissafin naira 100 da sababbin lambobi, 8.1 ÷ 0.55 = 14.7, sannan ya rubuta shafi ɗaya a kan wanne daga cikin huɗun ne zai fi taɓa ruwan rance, da dalilinsa.

Abin da ya rage: ginshiƙin farashin dala na bayan fage yana da giɓi daga 2021, lokacin da CBN ya daina sayar wa 'yan canji dala, kuma muna kwatanta majiyoyi biyu kafin mu cike shi. Amsoshin atisaye na shida ba a kammala ba. Sashen bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, wanda zai duba yadda CRR ke kama su alhali daɓe da rufin CBN na ruwa ne, an fara tattara masa bayanai, kuma shi ne aikin Oktoba.